Irin Furen da Ka Bar Mini

Zuwa ga Yaya Sale,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a can ƙasar Bama ta bayan teku, ko ma ina ne Turawa suka kai ku yaƙin yanzu. Inna tana gaishe ka. Ni kuwa tawa gaisuwar da ƙorafi ta zo.

Yaya, wane irin aiki ka bar mini? Ranar da za ka hau motar soja a Kazaure ka damƙa mini ƙullin tsumma, iri tara a ciki, duk a yamutse kamar busasshiyar gujiya. Ka ce daga lambun Baturen da kake wa ban ruwa ka samo, sunansa wai nastashiyam. Ka ce, "Ki shuka lokacin sanyi, kada ki bari irin ya ɓace kafin in dawo." Iyakar bayaninka ke nan, ka haye mota abinka.

To, ni 'yar manomi ce, shukar da ake so taki ake ba ta. Na kwashe kashin awakin Inna kaf, na zuba a bayan ɗaki, na shuka huɗu. Safe da yamma ina jan guga har tafin hannuna ya yi kanta. Abu ya fito, ganye fato-fato kamar ƙananan faya-fayai, har ya haye danga. Fure fa? Ko ɗaya! Ba fure kuwa ba iri.

Matan Roni suka samu abin yi. Kowacce ta leƙo sai ta tambaya ko sabon ganyen miya ne. Inna ta tsinka ta tauna, yaji ya hau mata hanci, ta yini tana yi mini faɗa kamar ni na ƙirƙiro shi.

Bara na shuka huɗu, na ninka takin. Ganye ya ninka, shi ke nan.

Na tara ɗin, don haushi na wurgar da shi bana cikin tsakuwa, inda muke alwala. Yaya, shi ne ya yi fure, ruwan goro, abin sha'awa. Da na aika aka tambayi tsohon da kuka yi aikin lambu tare, dariya ya yi, ya ce ai irin nan in ya ƙoshi da taki ba ya fure. Ka san da haka, amma kalma ɗaya ta gagare ka? Yadda takarda ɗaya ta gagare ka damina biyu ke nan.

Inna ta daina tambayar labarinka. Kullum da safe dai tana jan tabarma kusa da furen, ta zauna tana kallonsa. Ni ma ina kewarka, kada faɗan ya ruɗe ka.

Na tsince iri shida, na ƙulle a tsummanka. Na cika nawa alkawarin, saura naka.

Allah Ya tsare ka daga harsashi da ciwo, Ya dawo mana da kai Inna tana da rai. Amin.

Ƙanwarka,
Hajara, daga Roni