'Yar farina tana samun sauƙi a ko'ina ban da gabana

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, zargi ya cika mini zuciya har ban san wa zan yarda da shi ba.

Ni 'yar garin Dogo ce, aure ya kawo ni Damagaram. 'Yar farina shekararta goma sha biyar, tana kolej, bana za ta rubuta jarrabawar brebe ta gama ƙaramar sakandare. Ba zan faɗi sunanta ba, kuma ba don ɓoyewa kawai ba, ni tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba. Haka na taso na ga uwata tana yi da yayanmu, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi. "Ke" nake ce mata, amma Allah ya sani cikin 'ya'yana biyar ba wanda nake ji kamar ita.

Shekara biyu ke nan ta fara ƙifta ido da ƙarfi, daga nan sai fizgar kafaɗa, sai wani ɗan sauti a maƙogwaro kamar mai gyaran murya. Na ɗauka shashanci ne, na yi faɗa, har duka na yi sau ɗaya, Allah ya yafe mini. Maƙwabta suka ce aljanu ne, aka sha rubutu aka yi hayaƙi, abu sai gaba yake. Da malaminsu na lekol, wato makarantar boko, ya gaya wa babanta yara suna kwaikwayonta a aji, sai muka kai ta asibiti. Likita ya ce sunan abin tik, ba hauka ba ne, kuma ba da gangan take yi ba. Ya koya mata wani jan numfashi da za ta yi in ta ji yana tasowa, ya ce magani sai in abin ya tsananta. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Madam, rabin maganin yana hannunki. Kar ki ce mata ta bari. Ki zauna da ita kullum ku yi hira, ku yi numfashin tare." Na ce to. Amma yaya zan tasa 'yar farina gaba ina hira? Sau biyu na gwada kunya ta hana ni, sai dai in tsaya bakin madafa ina kallonta, in ta fizga in ce, "Ke, numfashin!"

To ga inda zargin ya shigo. Babanta yana da yaya mace a unguwar Birni, zan kira ta Yaya Falmata, ɗinkin hula take yi, Allah bai ba ta haihuwa ba. Tun ranar suna take roƙon a ba ta yarinyar riƙo, ina ta kaucewa. Da ciwon ya zo sai ta ce a riƙa turo mata ita Asabar da Lahadi. Kullum sai ta bugo wa ƙanenta waya tana cewa, "A nan fa lafiyarta lau, da ƙyar ta yi sau uku." Amma yarinyar tana shigowa gidana abin zai tashi kamar an kunna shi. Na koma shinshina kayanta ko zan ji hayaƙi, ina zazzage jakarta ko da laya, ban sami komai ba sai allura da zare. Na gaya wa babanta ina jin an yi asirin raba ni da 'yata, ranar mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, ya ce kar in ƙara saka yayarsa a irin wannan magana.

Asabar da ta wuce bayan la'asar na hau kabu-kabu na tafi Birni ba sanarwa, na laɓe a zaure ina leƙe. Suna kan tabarma ɗaya, gwiwa na taɓa gwiwa, yarinyar tana ɗinka hula, Yaya tana kiran sunanta suna dariya. Na fi minti ashirin a tsaye, sau ɗaya ta fizga, Yaya ko kai ba ta ɗaga ba. Ina yin sallama yarinyar ta ɗago ta gan ni, kafaɗar ta fara, har allura ta soke ta a yatsa.

Da muka dawo na tsare ta, na ce ta faɗa mini abin da gwaggonta take ba ta. Ta ce ba komai. Na matsa, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, a can ba wanda yake jira in yi. Ke kuma ba ki taɓa kallona ba sai da abin nan ya same ni."

Maganar nan ta ƙone ni. Wata zuciyar tana ce mini kitsa mata aka yi, yarinya mai kunya irin wannan ina ta samo baki? Wata kuma tana cewa da idona na ga yadda ta natsu a kan ɗinkin hular nan. Yanzu Yaya ta ce a bar mata ita har a gama brebe, babanta ya amince, ya ce in ba shi amsata ranar Juma'a. Ni kuma na san danginsu, wanda ya tafi riƙo ba ya dawowa sai ranar aurensa.

In bar ta ta tafi ta samu lafiya a hannun matar da nake zargi, ko in riƙe ta ta faɗi brebe saboda ni? Jiya da suka tafi lekol na rufe ɗaki na gwada faɗin sunanta ni kaɗai, bakina ya ƙi. In akwai uwar da ta taɓa karya kunyar ɗan fari a gidan nan, don Allah ta gaya mini da wace magana ta fara, kafin Juma'a.