Ranar da Ciyawa Ta Yi Daraja

Laraba, bayan isha'i.

Da na ji malaman gona za su zo Narayi zaɓen masu samun tallafi, jiya na bi gefen gonata da feshi, ko ciyawa ɗaya ban bari ba. Baƙo ba ya tarar da ni cikin ƙazanta.

Yau suka zo. Ashe furannin daji suke nema, wai abincin ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi. Shugabarsu ta ce, "Alhaji, ai ka kashe abin da muka zo gani."

Yohanna maƙwabcina aka ɗauka, mutumin da kullum nake wa gorin lalaci saboda ciyawar gefen gonarsa. Har ya leƙo: "Alhaji, in tsakuro maka irin ciyawa?"

Ni da fartanya ta yi ni, ban gaji kowa ba.

Zan je karɓar irin, amma da asuba, kafin mutane su fito.