Lemon Tsami da Injin Ban Ruwa

Umma,

Assalamu alaikum. Ya jikinki, ya su Nafisat? Ya tumatirin bana?

Na ji Kawu Badamasi yana yaɗawa a Kura wai na zama mashayi a Poland. Tsohon da nake aikin jinyarsa a gidansa ne nake matse wa lemon tsami, in sa ƙanƙara, in zuba masa giyar da suke kira vodka. Wallahi ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba. Sanyi ya farfasa min yatsu, lemon na shiga da raɗaɗi, amma ba komai.

Ba zan bar aikin ba. In hannuna ya ƙazantu, Kawu ya dawo mana da injin ban ruwan da ya ara tun bara. Hannun nan ne ya saye shi.

Ki sa min albarka.

Ɗanki,
Fatihu