Kututturen Bakin Rafi

Litinin, 3 ga Maris
Saura wata guda in ajiye aiki. Shekara talatin da ɗaya ina koya wa 'yan mata zanen duwatsu da gajimare. Shugabar makaranta ta ce in bar musu zane ɗaya a ajina. Rafin bayan gari zan yi, na zana shi ya fi sau ɗari.

Laraba, 5 ga Maris
Ina haɗa shuɗi da fari hankalina ya tafi. Marigayi mijina, Baban Auta, shi ke ɗaukar min allon zane da gwangwanin ruwa zuwa rafin duk Asabar. Yakan ce, "Ke dai ba kya sa mutum a zane. Ko inuwata ce ki taimaka ki sa." Ni kuwa in ce mutum ɓata wuri yake yi.

Asabar, 8 ga Maris
Na rufe ido na nemi fuskarsa, ta ƙi zuwa. Kowane dutsen rafin ya zo, har da mai tsaguwar nan. Shi ne bai zo ba. Hotonsa na bango kuwa ya ƙame kamar mai jiran hukunci, ba haka yake ba. Na tsorata ƙwarai.

Talata, 11 ga Maris
Takarda bakwai na yaga ina ƙoƙarin zana fuskarsa. Hancin da na yi tudu ne kawai.

Lahadi, 16 ga Maris
Na je rafin ni kaɗai. Ruwan yana tafiya a hankali kamar mai jin barci, har na rasa ko gajimaren a sama yake ko a ƙasa. Kan 'yar siririyar hanyar nan na tsaya. Ashe kullum shi ke gaba, ni ina baya ina kallon haske. Kafaɗar hagu a karkace saboda allon, hula ta zame ƙeya. Wannan kam ban manta ba.

Alhamis, 20 ga Maris
Na gama zanen rafin. Auta ta zo ɗaukata daga makaranta, ta daɗe a gaban zanen. Ta kai yatsa kusa da wani ɗigo can bakin ruwa, bai kai ƙwayar wake ba.
"Mama, wannan ai Baba ne."
Na ce kututture ne.
Ta ce, "Kututture da hula?"
Na ci gaba da wanke buroshi. Gobe zan gaya wa Shugaba ta yi haƙuri, zan zana musu wani. Wannan gida za shi.