Ta'aziyyar da Na Kai wa Somchai

Juma'a, 8 ga Oktoba, 1976

Tun shekaranjiya rediyo ke maimaita labarin ɗaliban da aka kashe a Bankok, babban birnin Tailan. Na daɗe ina karanta ƙasidu, ina gaya wa maƙwabcina Somchai cewa mulkin soja ba zai gyara ƙasarsu Tailan ba. Yau ra'ayin nan bai amfana masa komai ba.

Matata Hajara ta ce ƙanensa na cikin ɗaliban, kuma ta jiyo kukan matar Somchai. Da yake a wurinmu ba a jinkirta ta'aziyya, na sa farar rigar da nake zuwa ta'aziyya da ita, na haura bene wurinsa ina auna kalmomina. Na zauna, na yi masa gaisuwar rashi.

Ya dube ni a natse, ya ce, "Malam Isa, ba a ce ya mutu ba. Ba a dai gan shi ba."

Shi ne ma ya zuba mini shayi, ya roƙe ni in zauna kusa da tarho, domin yana tsoron ɗauka da kansa.

Har isha'i ta wuce, tarhon bai yi ƙara ba. Gobe zan koma in zauna, amma ba da farar riga ba.