Na Saka Sirrin Maƙwabciyata A Littafi, Ƙanwarta Aka Ɗora Wa Laifin

Assalamu alaikum Anti, da ku masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a zage ni a daure a karanta zuwa ƙarshe, don babu zagin da ban riga na yi wa kaina ba. Sunayen da ke ciki duk na canza su.

Ni matar aure ce a Sharada, ina rubuta littattafan soyayya da na zaman duniya a waya, ina sakewa babi-babi a guruf da wani suna da na laƙaba wa kaina. A unguwarmu babu wanda ya san ni ce. Idan yara sun tafi makaranta na gama wanke-wanke, nan nake zama da waya har babban yatsana ya yi tsami. Idan labari ya ƙafe min, sai in sa hijabi in tari adaidaita sahu in tafi yawon kallo. Wata rana Challawa, in zauna kan bencin masu abinci a ƙofar kamfanonin fata duk da warin, in sayi awara ina sauraron hirar ma'aikata lokacin da na safe ke fita na yamma ke shiga. Wata rana Bompai. Na daɗe ina haka, amma littattafaina ba su taɓa yin wani tashe ba.

A irin wannan fitar na ga mijin maƙwabciyata a Bompai. Ita zan kira ta Yaya Talatu, shi Malam Sabi'u. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ta yi min wankan jego a haihuwata ta fari. Kowa ya san shi mai gyaran injina ne a wani kamfanin roba a Sharada. To me ya kai shi Bompai da hantsi, zaune a gindin darbejiya da takalmin aiki, kular abinci a gefensa? Da na dawo na tambaye ta. Ta tashi ta tura ƙofa, ta zauna ta fara hawaye.

"Maman Husna, an rage ma'aikata tun kafin azumi, har da shi. Kullum fita yake yana bin ƙofofin kamfanoni ko za a dace. Inna ba ta sani ba."

Inna mahaifiyarsa ce, tare suke zaune, tana da hawan jini, kuma duk wanda ya shigo gidan sai ta faɗa masa ɗanta injiniya ne. Yaya Talatu ta ce ita ke riƙe da gidan da tsintar zoɓo da take zuwa yi a wani kamfani. Sannan ta faɗa min abin da ya fi ci mata rai: idan zai dawo da yamma sai ya tsaya wurin wani bakanike ya shafa baƙin mai a hannunsa da gaban rigarsa, don Inna ta ga alamar aiki. Ta ce, "Daga ke sai Hansai ƙanwata na faɗa wa. Ki riƙe min amana." Na ce, "Haba Yaya Talatu, ni da ke?"

Wallahi tana kukan, ni wani sashe na zuciyata yana lissafin yadda zan tsara babin. Wace irin mace ce wannan? Na ce wa kaina ai zan canza suna, wa zai gane? Na canza sunan, amma ban cire darbejiyar ba, ban cire baƙin man ba, ban cire tsohuwa mai cewa ɗanta injiniya ba, saboda su ne daɗin labarin. Abin da ya fi muni, na mayar da shi abin dariya. Mutumin da ke tafiya a ƙasa cikin rana yana neman halal, na rubuta shi a matsayin rago mai cin gumin matarsa yana yaudarar uwarsa. Littafin ya karɓu yadda ban taɓa gani ba. Mata suna ta turo dariya, suna tsine masa, ni kuwa ina jin daɗi. Har wani mai karanta littattafai da murya ya ɗauka ya ɗora a intanet.

A ɗakin tsintar zoɓon wata ta kunna shi a waya suna aiki suna ji. Yaya Talatu tana zaune a cikinsu. Da aka zo wurin baƙin mai, wata 'yar layinmu ta ce ita fa tana ganin Malam Sabi'u wurin bakanike da yamma. Kafin sati ya zagayo magana ta kai kunnen Inna. Ranar da Malam Sabi'u ya shigo, ta ce ya miƙo hannunsa, ta riƙe tana kallo, ta ce, "Sabi'u, man wane inji ne wannan?" Ta katanga nake jin komai. Daren a asibiti suka kwana da ita.

Da aka sallamo Inna, Malam Sabi'u ya tambayi matarsa wa ta faɗa wa. Ta ce Hansai, don Hansai ce mai karance-karance da yawan surutu. Sunana ko ambatonsa ba ta yi ba. Ya ce ta tafi gidansu sai ya neme ta. Yanzu tana can Kumbotso da yara biyu, shi kuma ya daina zuwa masallacin layinmu, can nesa yake tafiya. Hansai ta yi rantsuwa har ta gaji, babu wanda ya yarda, Yaya Talatu ko gaisuwarta ba ta amsawa, alhali ciki ɗaya suka fito.

Na dakatar da littafin, amma wanda ya bazu ya bazu. Masu karatu kullum suna damuna, wai ina ci gaba, wai suna son ganin ƙarshen ragon nan. Wani lokaci haushinsu nake ji kamar in zage su, sai in tuna ni na koya musu kiransa haka.

Shekaranjiya na je Kumbotso duba Yaya Talatu, na kai mata sabulu da 'yar shinkafa, kamar mutuniyar kirki. Ta rame. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ke kaɗai kika rage min. Ke da kika iya waya, ki taimaka ki nemo min lambar marubuciyar nan. Ba faɗa zan yi da ita ba. So nake kawai ta faɗa min da bakinta ko Hansai ce ta kai mata. In ba ita ba ce, na zalunci 'yar uwata, ina so in sani tun muna raye."

Na ce mata to, zan nema.

In na faɗi gaskiya, na wanke Hansai, wataƙila auren Yaya Talatu ya gyaru, amma mijina zai ji, unguwa za ta ji, kuma ban san da wane ido zan kalli matar da ta cire ni daga zargi tun kafin a tambaye ta ba. In na kira ta da wata lamba a matsayin marubuciyar na ce ba Hansai ba ce, za ta san saura mutum ɗaya, wato ni. Ta ce ranar Juma'a za ta kira ni ta ji ko na samo. Don girman Allah ku faɗa min, me zan yi?