Kabewar Inna a kan rufi

Asabar, 8 ga Janairu, 1994

Fure goma sha ɗaya yau. Da kaina na ƙirga. Shekarata tara ina gadin wannan bene a unguwar Ammariyya, nan ƙasar Larabawa, ban taɓa shuka ko albasa ba sai bana. Irin kabewa bakwai aka aiko min cikin wasiƙa bayan rasuwar Inna, daga bayan ɗakinta aka tsinto. Biyar suka ruɓe a gwangwani, biyu suka tsiro a kan rufi. In waɗannan ba su haihu ba, irin ya ƙare.

Litinin, 10 ga Janairu

Mai bene, Abdulghaffar, ya hau sama da ma'auni a hannu. Sabon tankin ruwa zai kafa kafin azumi, kuma duk faɗin rufin nan bai ga wuri ba sai kan kabewata. Na roƙe shi. Ya ɗaga ganye da ƙafa, ya ce, "Ya Ubale, wannan ciyawa ce. Nuna min ɗa guda da idona, tanki ya matsa. In babu, halas, magana ta ƙare."

Alhamis, 13 ga Janairu

Furen na buɗewa da safe, kafin azahar ya yanƙwane ya faɗi. Na ƙara taki. Na ƙara feshi kuma. Kaf unguwar nan babu benen da ya kai nawa tsabta. Kullum bayan asuba sai na bi daga ƙofa har rufi da maganin ƙwari, ko tururuwa ba ta kwana a nan. Kabewar ma sau biyu nake fesa mata, don gata.

Juma'a, 14 ga Janairu

Matata A'i ta ce wataƙila kabewar ba ta da iƙama ne, takardar zaman ƙasa, shi ya sa take tsoron fitowa. Matar nan, in ta sami abin tsokana har abinci take mantawa a wuta.

Talata, 18 ga Janairu

Abdulghani, Bajawe, wato mutumin tsibirin Jawa, da ke dafa abinci a shagon ƙasa, ya hau shanya tsummokinsa ya tarar ina feshi. Ya dafe kai. Da guntun Larabcinsa da nawa muka yi ta fama. Wai a tsibirinsu kowane fure da mai ziyartarsa: wani zuma, wani malam-buɗe-littafi, wata bishiya ma jemage ne ke yi mata hidima. Wai kabewa tana da fure namiji da fure mace, ƙudan zuma ne ke kai saƙo tsakani, ni kuma na kashe ɗan aiken.

Na ce masa mu a garinmu kabewa da ikon Allah take haihuwa. Ya ce, "Sahih, ya ammi. To ƙudan wa ya aiko shi?"

Na sauka abina, ina da aiki.

Laraba, 19 ga Janairu

Na duba, don in ƙaryata shi kawai. Wasu furannin da ɗan ƙullutu a ƙasansu, wasu babu. Haushi ya kama ni.

Lahadi, 23 ga Janairu

Abin da na yi yau, ba don Inna ba da ba zan yi ba. Abdulghani ya nuna min: a tsinko namijin, a yaye masa ganyen fure, a shafa garin nan rawaya a cikin macen, tun rana ba ta yi zafi ba. Ni da furfurata, tsugune, har da bismilla. Ina cikin yi A'i ta hawo da bokitin wanki. Ta tsaya ta gama kallo tsaf, sannan ta ce, "Malam, an raba goro ne ko tukuna?"

Asabar, 29 ga Janairu

Uku na haɗa, biyu sun zube. Saura ɗaya. Azumi saura mako biyu, kuma an kawo tankin, yana ƙasan matakala.

Laraba, 2 ga Fabrairu

Ta kai girman ƙwai. Na yi mata rumfa da tsohon kwali. A'i da ke min dariya, na kama ta tana auna ta da zare.

Litinin, 7 ga Fabrairu

Abdulghaffar ya hau da ma'aikata biyu. Na ɗaga kwalin. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya ce shi kankana ya zata, wannan kuma ko lemo bai kai ba. Na ce ɗa guda ya ce, bai faɗi girma ba. Ya yi tsaki, ya ce, "Yalla, ku kai tankin can kusurwa."

Da suka sauka na zauna kusa da kabewar. Inna ta faɗo min a rai, da bayan ɗakinta da ke cika da ƙugin zuma da hantsi, ina yaro ina korarsu da mafici tana hana ni. Ban je jana'izarta ba. Na yi kuka, kaɗan.

Alhamis, 10 ga Fabrairu

Ƙudan zuma ɗaya ya zo, Allah kaɗai ya san daga ina a garin siminti. Ya shiga fure, ya fito duk jikinsa rawaya, sannan ya harbe ni a yatsa. Na gaya wa A'i ƙusa ce.

Matar hawa na uku ta aiko wai ta ga ƙwaro a sama, a zo a fesa. Na ce maganin ya ƙare, sai bayan Salla.